Tsintsiya da Mota: Tarihin Dokar Sauya Gefe a Unguwannin Niyok

A unguwannin zama da yawa na birnin Niyok da ke Amurka, akwai wani ƙaramin farin allo da ake kafawa a jikin turakun bakin titi. An zana masa harafin P cikin jan da'ira, an gitta masa tsintsiya, an kuma rubuta rana da lokaci, misali Litinin da Alhamis daga ƙarfe 8:30 zuwa 10:00 na safe. Idan aka tsallaka ɗaya gefen, sai a tarar da irinsa, amma shi Talata da Juma'a yake nunawa. Abin da allon ke nufi shi ne a wannan lokaci kada a bar mota a wannan gefen, domin motar shara za ta bi bakin titin ta share shi. Wanda ya bar tasa zai dawo ya iske takardar tarar dala 65 a maƙale a gilashi. Wannan ita ce dokar sauya gefe, kuma sama da shekara saba'in ke nan tana juya safiyar masu mota a birnin.

Asalin dokar ba ya rabuwa da yadda aka yanka garin. A 1811 aka fitar da taswirar da ta tsara tsibirin Manhattan layi-layi, tituna miƙaƙƙu suna gitta juna, amma kusan ba a bar lungun bayan gida ba. A Chicago da wasu biranen Amurka, ta irin wannan lungu ake fitar da shara, a nan kuma ake gina gareji. Mutumin Manhattan ba shi da wannan gata. Shararsa ta ƙofar gida take fita, ta kwana a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, abin da ya zube kuma ya gangara bakin titi. A zamanin dawaki abin ya fi muni, domin kashin dabbobin da ke jan keken kaya da na fasinja kan taru tsibi-tsibi. An kafa hukumar share tituna a 1881, amma ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba sai a 1895, lokacin da aka damƙa ta hannun Kanar George Waring. Shi ne ya sa wa masu shara fararen kaya, ya hore su kamar sojoji, ya rarraba musu layuka, kowa da nasa. Tun daga nan mutanen birnin suka saba da cewa share bakin titi aikin hukuma ne da ake yi a kai a kai, kuma ana iya tuhumar magajin gari idan aka ga ƙazanta.

Da mota ta shigo a farkon ƙarni na ashirin, ba a ɗauki titi a matsayin ma'ajiyarta ba. Dokokin tuƙi na farko da birnin ya yi amfani da su a 1903, waɗanda William Phelps Eno ya tsara (mutumin da shi kansa bai taɓa koyon tuƙi ba), sun fi damuwa da yadda ababen hawa za su wuce juna lafiya. Tunanin da aka gada daga zamanin dawaki shi ne titi hanyar kowa ce, doki kuwa a barga yake kwana, saboda haka mota ma gareji ne makwancinta. Har zuwa 1950 haramun ne a bar mota ta kwana a bakin titi a Niyok. Wanda ya sayi mota, wajibinsa ne ya nema mata wuri ya biya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan doka ta zama ta jeka-na-yi-ka. Masana'antun da suka yi shekaru suna ƙera kayan yaƙi sun koma ƙera motoci, ma'aikata sun samu abin hannu, garejin da ke akwai kuma bai isa ba. Mutane suka riƙa barin motocinsu a titi, 'yan sanda suna rubuta tara ga wasu, suna kau da kai ga da yawa. A daidai lokacin ne hukumar tsabta ke ƙara dogara da motocin shara masu burushi a maimakon mutum da tsintsiya. Mai tsintsiya yana iya zura hannu tsakanin taya da dakali ya kwaso datti. Motar shara kuwa sai an ba ta fili, in ba haka ba ta zagaye ta wuce. A 1950 hukumomi suka bi ta tsakiya: aka halatta kwanan mota a titi, da sharaɗin mai ita zai janye ta a lokutan da aka ƙayyade don a yi shara. A watan Agusta na shekarar aka fara gwaji a unguwar Lower East Side, cikin 'yan shekaru kuma tsarin ya bazu zuwa sauran sassan birnin. A shekara mai biyowa, 1951, aka kafa mitocin farko na biyan kuɗin fakin, aka soma da Harlem. Sai dai mita ta tsaya ne a titunan kasuwanci. Layukan gidajen zama an bar su kyauta.

A nan ne ainihin muhimmancin abin da aka yi a 1950 yake. A takarda doka ce ta tsabta. A aikace kuwa birni ya miƙa wa masu mota wani yanki na ƙasar da ta fi kowace tsada a Amurka ba tare da karɓar ko kwabo ba, abin da ya nema kawai shi ne su riƙa motsawa. Ana ƙiyasta cewa wuraren ajiye mota a bakin titunan Niyok sun kai kimanin miliyan uku, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinsu ke da mita. Wannan kuwa a birnin da fiye da rabin gidajensa ba su da mota sam, suna hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas. Tun da ba a sa wa wurin farashi ba, sai lokaci ya zama kuɗin da ake biya: wanda zai iya tashi da safe, ya jira, ya yi haƙuri, shi ke samu.

Daga nan wata al'ada ta tsiro, wadda baƙo kan yi mamakinta. Idan lokacin shara ya kusa, sai masu mota su fito, wasu da kofin shayi ko kofi a hannu, su janye motocinsu zuwa ɗaya gefen su jera su kusa da waɗanda ke ajiye a can, layi biyu ke nan. Wannan jeri saɓa wa doka ne a ko da yaushe, amma a unguwanni da yawa an daɗe ana kau da kai a kansa, wasu kuma kan bar lambar wayarsu a gilashi don wanda aka toshe ya kira su. Wasu ba sa ma barin wurinsu. Sukan zauna cikin motar tsawon minti casa'in, suna karanta jarida ko aiki a kwamfuta, da sun hango motar shara a madubi sai su ɗan fita, tana wucewa su koma gurbinsu, su ci gaba da zama har lokacin ya cika, domin ko an riga an share, ma'aikaci na iya rubuta tara muddin lokacin da ke jikin allo bai ƙare ba. Masu gadin manyan gidaje kan karɓi makullai su yi wa mazauna wannan aiki a ba su na goro, akwai kuma waɗanda suka mai da shi sana'a. Wasan barkwancin talabijin na Seinfeld ya gina wani kashinsa na 1991 a kan irin wannan mai sana'a, marubuci Calvin Trillin kuma ya rubuta littafin ƙirƙira sukutum, Tepper Isn't Going Out, game da wani dattijo da ke samun wuri mai kyau ya zauna a motarsa yana karatu, ya ƙi tashi.

Dokar ta kuma yi wani aiki da ba don shi aka kafa ta ba. Motar da ba ta motsawa, tarar da ke taruwa a gilashinta kan tona asirinta. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da birnin ya shiga matsin kuɗi aka rage ma'aikatan shara, motocin da aka sace aka kwashe kayansu ko aka yasar sun cika wasu unguwanni. A 1988 kaɗai hukumar tsabta ta kwashe fiye da 140,000. Akwai dokar da ta hana barin mota a wuri ɗaya fiye da kwana bakwai a jere, amma ranar shara ce ke tilasta motsin a zahiri. A ƙarshen shekarun 1980 ɗin ne kuma hukumar ta ɓullo da wani horo na kunyatarwa: wata ƙatuwar takarda mai ƙyalli da ake manna wa gilashin motar da ta tare hanya, tana shaida wa duk mai wucewa cewa saboda wannan mota ne ba a share layin ba. Gam ɗinta yana da tsananin kamu, sai an sa reza da ruwan zafi. Masu mota sun tsane ta fiye da tarar kanta.

Babin da ya fi jan hankali a tarihin dokar shi ne na ranakun da ake ɗage ta. Ana ɗagewa idan dusar ƙanƙara ta zuba, saboda motocin hukumar sun koma aikin ture ta, ana kuma ɗagewa a ranakun hutun gwamnati. Amma jerin ranakun addini ne ya yi ta tsawo. Hujjar farko mai ƙarfi ce: Bayahuden da ke kiyaye addininsa ba ya tuƙa mota a manyan ranakun ibadarsa, saboda haka tilasta masa janye ta tamkar sa shi zaɓi ne tsakanin addini da tara. Aka sa ranakun Yahudawa, aka sa na Kiristoci irin su Juma'ar da ke zuwa kafin Ista. Daga baya Musulmi suka samu nasu: ana ɗage dokar a ranakun Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, kuma an yi haka shekaru da dama kafin 2015, lokacin da aka sanar da rufe makarantun gwamnati na birnin a ranakun idi. Ga Musulmin Afirka ta Yamma da ke zaune a Bronx da Harlem, cikinsu har da Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya, waɗanda da yawansu tuƙin tasi ne abincinsu, wannan na nufin mutum zai tafi masallacin idi hankalinsa kwance. An ƙara sabuwar shekarar mutanen Sin da maƙwabtansu, da bikin Diwali na mabiya addinin Hindu, da wasu. Yanzu ranakun sun haura talatin a shekara.

Ba kowace rana a jerin ce ke hana mabiyanta tuƙi ba. Abin ya rikiɗe ya zama alamar karɓuwa: al'ummar da aka sa ranarta a kalandar fakin ta san cewa majalisar birni ta san da zamanta, kuma ƙuri'unta sun kai a lissafa. Ga ɗan majalisa, kyauta ce mai araha. Babu mai mota da zai yi ƙorafi don an ƙara masa ranar hutu, ko da bai san bikin da ake yi ba. Hukumar tsabta ce kaɗai ke ƙirga ranakun da aka rasa. Mitocin titunan kasuwa kuwa suna ci gaba da karɓar kuɗi a waɗannan ranaku, in ban da manyan ranakun hutu shida na ƙasa.

Gyaran dokar unguwa-unguwa ya fi ƙarfi ne daga shekarun 2000. An raba birnin gundumomi 59, kowace da kwamitin unguwa na 'yan sa-kai waɗanda ake naɗawa, masu ba hukumomi shawara. Daga 1973 kuma ofishin magajin gari ya riƙa tura masu dubawa, irin duba-gari, suna zagaya layuka suna ba su maki kan tsabta. Mazauna unguwannin da makinsu ya yi sama suka fara tambaya: in layinmu tsaf yake, me ya sa za a tashe mu sau huɗu a mako? Unguwar Park Slope da ke Brooklyn ta zama abin misali a 2008. An amince a rage sharar layukan gidajenta daga sau biyu a mako zuwa sau ɗaya a kowane gefe, a kuma rage lokacin daga awa uku zuwa minti casa'in. Kafin a gama sauya dubban alluna, sai da aka dakatar da dokar baki ɗaya a unguwar na kimanin wata biyu, jaridu suka yi ta ba da labarin kamar an yi wa mutane 'yanci. Wasu mazauna kuwa sun koka cewa baƙi daga wasu unguwanni sun kawo motocinsu sun jibge, tun da ba mai tashinsu. Shekara guda kafin nan, wani bincike da ƙungiyar Transportation Alternatives ta yi a babban titin kasuwancin unguwar ya gano cewa kashi 45 cikin ɗari na direbobin da ke wucewa ba wani wuri za su ba, wurin ajiye mota suke nema.

Majalisar birni ta bi da gyare-gyare a jere, galibi bisa rashin amincewar Magajin Gari Michael Bloomberg. A 2009 ta ba direbobi rangwamen minti biyar kafin a rubuta musu tara. Bloomberg ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi da rinjaye. A 2011 aka yi dokar da ta ba kwamitin unguwa damar neman a rage shara zuwa sau ɗaya a mako idan gundumarsa ta samu maki 90 cikin ɗari shekara biyu a jere. A 2012 aka haramta takardar kunyatarwa, nan ma bayan an tsallake magajin gari, bisa hujjar cewa horo ne da ake zartarwa kafin mutum ya samu damar kare kansa. Tsarin 2011 yana da ma'ana a fuska, amma akwai abin dubawa a cikinsa. Unguwannin da suka fi cunkoso da talauci su ne makinsu ya fi yin ƙasa, don haka su ne aka bari da tashin sau huɗu da tara mafi yawa, alhali masu hali sun samu sauƙi.

Gwaji mafi girma annobar korona ce ta kawo shi. A watan Maris na 2020 aka dakatar da dokar don mutane su zauna a gida. A watan Yuni Magajin Gari Bill de Blasio ya mai da sharar layukan gidaje sau ɗaya a mako a ko'ina: inda allo ya nuna rana biyu, ta ƙarshen ce kaɗai ke aiki. Haka aka zauna shekara biyu. Sakamakon bai yi wa masu neman sassauci daɗi ba. A Manhattan, inda hayar gareji ke cin ɗaruruwan daloli a wata, direbobi da yawa sun yi lissafi suka ga biyan tara lokaci-lokaci ya fi araha, suka daina janye motocinsu. Gwamnatin sabon Magajin Gari Eric Adams, ta bakin shugabar hukumar tsabta Jessica Tisch, ta ce motocin shara ba sa samun isa bakin titi, ƙazanta da ɓeraye sun yi yawa. Ranar 5 ga Yuli 2022 aka koma tsohon tsari.

Abin da Niyok ba ta taɓa samu ba shi ne takardar izinin mazauna, wato tsarin da ke keɓe bakin titin unguwa ga masu zama a cikinta. Wasu biranen Amurka sun daɗe da shi. Gundumar Arlington da ke jihar Virginia ta hana ma'aikatan ofisoshin Crystal City cika layukan unguwar Aurora Highlands da motocinsu. Suka kai ƙara cewa an nuna musu bambanci, kotun ƙolin jihar ta ba su gaskiya, amma a watan Oktoba na 1977 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙaramar hukuma na da ikon fifita mazauna don rage hayaƙi da hayaniya da cunkoso. Boston da San Francisco da Washington duk suna da irin wannan tsari. Japan ta bi wata hanyar daban tun 1962, inda a birane ba a yi wa mota rajista sai mai ita ya nuna shaidar yana da wurin ajiye ta wanda ba titi ba. Wato ta riƙe ƙa'idar da Niyok ta saki a 1950.

Dalilin farko na rashin wannan tsari a Niyok na shari'a ne: birni ba ya iya keɓe titi ga wasu sai da izinin majalisar dokokin jiha da ke Albany. Bloomberg ya haɗa shawarar da shirinsa na karɓar kuɗin shiga tsakiyar Manhattan, shirin ya mutu a Albany a 2008. A 2011, yayin da ake gina filin wasanni na Barclays a Brooklyn, maƙwabta suna fargabar 'yan kallo za su mamaye musu layuka, majalisar birni ta roƙi jiha ta ba da izinin, ba a samu ba. Dalili na biyu na lissafi ne. A unguwanni da yawa ba baƙi ne suka cika titi ba, motocin mazauna ne da kansu suka fi wuraren yawa, saboda haka takardar za ta zama izinin farauta ne kawai, ba tabbacin samu ba. Ga kuma masu zama a birnin da suka yi wa motocinsu rajista a wasu jihohi don gudun tsadar inshora, waɗanda tsarin zai fallasa. Masu rajin rage motoci ma sun kasu: wasu na ganin takardar hanya ce ta fara sa wa bakin titi farashi, kamar yadda masanin tsara birane Donald Shoup ya yi ta kira a littafinsa na 2005, wasu na tsoron za ta tabbatar wa masu mota cewa ƙofar gidansu mallakinsu ce.

Maganar ta sake tasowa da aka fara karɓar dala 9 daga motocin da ke shiga Manhattan kudu da Titi na 60, ranar 5 ga Janairu 2025, domin unguwannin da ke bakin iyakar sun ji tsoron masu zuwa aiki za su riƙa ajiye motoci a wurinsu su ƙarasa da jirgi. A lokaci guda kuma wasu masu neman bakin titin sun ƙaru: tashoshin kekunan haya na Citi Bike tun 2013, rumfunan cin abinci da gidajen abinci suka kakkafa a lokacin annoba, da wuraren sauke kaya na motocin kai saƙo. Na baya-bayan nan ita ce sharar da kanta. Domin raba birnin da tarin baƙaƙen ledoji a kan hanya, hukumar tsabta ta fara girka manyan akwatunan shara masu murfi a bakin titi a yammacin Harlem, inda wata mota ta musamman ke ɗaga su daga gefe ta juye. Kowane akwati yana zaune ne a inda a da mota ke kwana.